Shagon da Mu'azu Ya Gina Mini

Shekara talatin da ɗaya ina Bab Sharif, a nan Jidda,
rumfa ta huɗu bayan mai gyaran agogo,
ina daka sandal, ina tace humra.
Ba a taɓa cewa wani ya zo ƙofata
ya rasa ta inda ake shiga ba.

Sai kai, Mu'azu, ɗan ƙanwata,
ka ce, Kawu, kasuwa ta koma cikin waya,
bari in gina maka shago a intanet.
Na ba ka riyal dubu biyu, na haɗa da albarka.

Jiya Hajiya Tasalla ta bugo daga Dammam.
Ta ce, Malam Ilu, ko mun ɓata ne ban sani ba?
Kwalba uku nake so, ƙofarka ta ƙi ni.

Bayan isha'i na ɗauki tabarau,
na tafi shagona a matsayin baƙo.

Wani zobe ya yi ta juyawa,
yana juyawa,
har shayina ya huce.
Ashe hotona ake ta jawowa,
ƙato, da hular Sallah, ya tare ƙofa.
Wa ya zo sayen fuskata?

Sai kiɗa ya fashe, ba wanda ya roƙa.
Jikata ta farka da kuka.
Na nemi makashinsa sama da ƙasa,
ƙarshe na cusa wayar ƙarƙashin matashi
kamar mai ɓoye kazar sata.

Ko sallama ban gama ba,
wani allo ya sha gabana: kawo imel ɗinka!
Alamar rufe shi ƙwayar gero ce,
babban yatsana ya yi mata yawa.
Sau huɗu ina dungurinta.

Rubutun kuwa ruwan toka a kan fari,
sawun tururuwa cikin gari.
Larabci ya taso daga dama, Hausa daga hagu,
suka yi karo a tsakiya,
farashi ya faɗi tsakaninsu, ba a sake ganinsa ba.

Na miƙa yatsa ga inda aka rubuta Saya,
talla ta faɗo daga sama ta ture shi,
na tsinci kaina wurin masu sayar da tayar mota.

Da na dawo, aka ce sai na yi rajista.
Sunan uba, ranar haihuwa,
kalmar sirri mai babban baƙi da lamba da wata ƙugiya.
Sannan in nuna hotunan da ke da fitilar titi,
don a tabbatar ni mutum ne.
Ni, da furfurata. A shagona.

Na nuna. Na ci jarrabawa.
Sai aka ce lokaci ya ƙare,
kwandona ya zube, in soma daga farko.
Na duba lambar neman taimako:
ta tsohuwar wayata ce,
wadda ta faɗa teku tun kana sakandare.

Ba fushi nake ba, ɗana.
Kyau kam ya yi kyau, har da ruwan zinariya a gefe.
Amma shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.
Mai sayen turare ya riga ya yi mana uzuri,
tunda ƙamshi ba ya bin waya;
kada mu ƙara masa da ƙofa mai gardama.

Ka zo ran Asabar, ka bar kwamfutar a gida.
Ka zauna a bencin nan daga hantsi zuwa la'asar,
ka ga yadda ake faɗin kuɗi tun ba a tambaya ba,
yadda ake ɗiga wa mutum a bayan hannu
a yi shiru ya shinshina,
ba a ce masa waye ubanka.

Kwalaben Tasalla na ba Gambo direba da asuba.
Na ƙara mata ƙullin turaren wuta
na ban haƙuri.
A kuɗinka zan cire.